Kaka Guda a Bayan 'Yan Kwandon Jami'ar Houston

Duk ɗan Najeriyar da ya sauka a birnin Houston na Amurka, ko bai taɓa riƙe ƙwallon kwando ba, ba zai yi wata guda ba sai an ba shi labarin Hakeem Olajuwon, yaron Legas da ya zo jami'ar garin a 1980, ya kai ta wasan ƙarshe na ƙasa shekara biyu a jere, kuma duka biyun aka dawo hannu rabbana. Na 1983 ya fi ciwo. North Carolina State ce ta ci su 54 da 52, da ƙwallon da Lorenzo Charles ya cusa ana daf da tashi, amma duk da haka Olajuwon aka ba kyautar gwarzon gasar. A 1984 kuma Georgetown ta Patrick Ewing ta tare musu hanya. Daga nan jami'ar ba ta sake leƙa wasan ƙarshe ba sai a kakar 2024 zuwa 2025, wadda na bi tun daga Nuwamba har Afrilu.

Ni asali ɗan ƙwallon ƙafa ne. Abin da ya fara ja na Fertitta Center, zauren wasan jami'ar da ke unguwar Third Ward, shi ne kusa yake da inda nake zaune, kuma tikitinsa bai kai tsadar na Rockets, ƙungiyar ƙwararru ta garin, ba. Zauren bai da girma, mutum dubu bakwai da 'yan kai yake ci, amma in ya cika da jajayen riguna, ɗalibai suka fara ihun "Gidan wa?" jama'a suna amsawa, ba ka jin maganar na kusa da kai.

Farkon kakar bai yi daɗi ba. Cikin wasa bakwai an ci mu uku: Auburn, sai Alabama da San Diego State a Las Vegas, waɗannan biyun duka a ƙarin lokaci. Jamal Shead, wanda ya yi shekaru yana riƙe da ragamar ƙungiyar, ya tafi NBA, gasar ƙwararru ta Amurka, wanda aka ɗauko daga Oklahoma ya maye gurbinsa, Milos Uzan, sai ɗari-ɗari yake yi da ƙwallo kamar aro aka ba shi. A intanet har an fara yi wa kakar jana'iza. Akwai wani dattijo ɗan Damagaram da muke haɗuwa a masallaci, ya fi shekara talatin a garin, ya ga zamanin da ƙungiyar take wasa a gaban kujeru wayam. Na kai masa kuka bayan Juma'a. Ya ce, "Yaro, kai ƙwallon Nuwamba kake yi wa kuka? Je ka duba da maki nawa aka ci su, kuma wa ya ci su." Na ce, "Baba, ci ai ci ne." Ya ce a'a, a wannan wasan ba haka ba ne.

Gaskiyarsa. A ƙwallon kwandon jami'o'i ba a tara maki a ɗauki kofin ƙasa kamar Firimiya. Kwamiti ne yake zama a watan Maris ya jera ƙungiyoyin da za su shiga gasar ƙasa (68 ne a waccan kakar), kuma yana duba da wa ka kara, a ina, yaya aka tashi. Kashin da ka sha da ƙyar a hannun babba bai kai illar wanda ƙarami ya ba ka a gida ba. Auburn ɗin nan da ta ci mu da maki biyar, ita ma sai da ta kai zagayen huɗun ƙarshe. Kocinmu Kelvin Sampson da gangan yake ɗauko manya tun farkon kaka, don a ga inda rigar ta yage tun akwai lokacin ɗinki.

Abin da ya fi ɗaukar mini lokaci shi ne koyon kallon wasan nasu, domin ba wasa ne mai ƙayatarwa ba. Wanda ya saba da gajerun bidiyon NBA, inda ake ta tsalle ana cusa ƙwallo, zai yi hamma. Houston sai ta yi minti huɗu ba ta jefa komai ba, ka duba allo ka ga har yanzu ita ce a gaba, saboda abokan karawar ma ba su jefa ba. A kakar gaba ɗaya, abin da ake jefa musu a wasa bai kai maki 60 ba in aka raba daidai, kuma babu ƙungiyar da ta fi su a nan. Sai da na daina bin ƙwallo da ido na fara gane yadda abin yake. Da zarar an miƙa wa dogon abokan hamayya ƙwallo a kusa da kwando, mutum biyu ne za su rufe shi, hannuwa sama, sauran ukun su ja baya su raba mutum huɗu a tsakaninsu. Joseph Tugler, mai hannuwa kamar ba za su ƙare ba, zai fito har tsakiyar fili ya tsorata mai ƙwallo, kafin ka ƙifta ido ya koma ƙarƙashin kwando ya doke jifa. A wajen atisaye kuwa, Sampson yakan sa a toshe bakin kwando da murfi yadda babu jifan da zai shiga, kowace ƙwallo sai ta dawo, a yi ta kokawar cafe ta. Shi ya sa in ɗan Houston ya yi jifa ya kuskure, ba na cewa kash sai na ga hannun da ƙwallon ta faɗa. Sau da yawa hannun J'Wan Roberts ne, wanda yake shekararsa ta shida a jami'ar. Kowa ya ci zomo ya ci gudu, su kuwa waɗannan yaran gudun ne ma sana'arsu.

Daga Disamba suka jera nasara 13. Wadda ba zan manta ba ita ce ta ranar 25 ga Janairu a gidan Kansas, zauren da baƙo bai cika fita da dariya ba. A ƙarin lokaci na farko Kansas tana gaba da maki shida, saura daƙiƙa 18, kuma su ne ma da jifan laifi. Abokin da muke kallo tare ya riga ya sa takalmi. Ɗan Kansas ya zubar da jifan duka biyu, Emanuel Sharp ya jefa mai maki uku, Uzan ya sace ƙwallon da aka jefo daga waje ya miƙa wa Mylik Wilson, shi ma ya jefa mai uku. Aka tafi ƙarin lokaci na biyu, muka ci 92 da 86. Tun daga ranar na kafa doka a ɗakina: ba mai tashi, ba mai taɓa rimot, sai an busa.

Mako guda bayan haka Texas Tech ta zo har gida ta ci mu da maki ɗaya a ƙarin lokaci, alhali tun farkon wasan alƙalai sun kori babban ɗan wasansu JT Toppin da kocinsu. Nasara 33 a jere da aka yi a Fertitta ta tsaya nan. Wannan ne kaɗai wasan da aka ci mu cikin 20 na Big 12, rukunin jami'o'in da Houston ta shiga a 2023 ana cewa za ta gane kurenta. Ta ɗauki kofin rukunin, ta je Kansas City ta doke Arizona ta haɗa da na gasar sili ɗaya ƙwale ta rukunin.

Sai Maris ta zo tare da azumi, kuma a nan ne son ƙwallo ya fara cin karo da abin da ya fi shi. Gasar ƙasa sili ɗaya ƙwale ce, an ci ka ka tafi gida, kuma masu tsara lokacinta ba ruwansu da asham. Wasan Purdue ya faɗo daren Juma'a a goman ƙarshe. Na kashe waya, na roƙi samarin masallaci kada wanda ya faɗa mini komai, na dawo na kalli wanda na naɗa. Wannan dabarar tana aiki in har maƙwabcinka ba mai ihu ba ne. An yi wasan a Indianapolis, tafiyar awa ɗaya da 'yan mintoci daga jami'ar Purdue, don haka filin kusan nasu ne. Ana 60 da 60, saura ƙasa da daƙiƙa uku, Uzan ya tsaya a bayan layi zai jefo ƙwallo. Mai gadinsa ya bar shi ya tafi taya tare ɗan wasanmu L.J. Cryer. Uzan ya ba Tugler, ya tako cikin fili ba kowa a kansa, Tugler ya maido masa, ya ɗora ta a kwando. Yaron da muke zagi a Nuwamba ke nan. Ranar Lahadi, da yawanmu ranar sallah ce, suka hana Tennessee sakat, maki 15 kacal ta samu kafin hutun rabin lokaci. Da babbar riga na kalli wannan, ga farantin tuwon sallah a cinya.

San Antonio, inda aka yi zagayen huɗun ƙarshe, tafiyar awa uku ce a mota daga Houston, amma tikitin filin Alamodome ya fi ƙarfin aljihuna. Muka taru a falon wani abokinmu. Duke ce a gabanmu, ita ce ta fitar da mu a 2024 bayan Shead ya gurɗe a ƙafa, yanzu kuma ga ta da Cooper Flagg, yaron da kowa ya san shi za a fara ɗauka a NBA. Saura minti takwas suna gaba da maki 14. Abin da ya biyo baya ba sihiri ba ne, aikin nan ne dai da muka yi wata biyar muna gani: a minti goman ƙarshe ƙwallo ɗaya tak Duke ta jefa daga cikin fili. Saura daƙiƙa 33 Sharp ya jefa mai uku, aka sace ƙwallo, Tugler ya cusa wadda ta dawo, sannan aka yi wa Roberts keta wajen cafe ƙwallo. Roberts ba gwanin jifan laifi ba ne, duk mun sani, na ga wani a falon ya juya wa talabijin baya. Ya jefa duka biyun. Flagg ya yi jifansa na ƙarshe Roberts yana gabansa da hannu a sama, ta bugi ƙarfe. Aka tashi 70 da 67. Baba na Damagaram ya kira ni a daren, abin da bai taɓa yi ba, bai ce komai ba sai "To, ka gani?"

Ranar Litinin 7 ga Afrilu aka kara da Florida a wasan ƙarshe, Olajuwon yana cikin 'yan kallo. An hana tauraronsu Walter Clayton Jr. ko maki ɗaya kafin hutu. Bayan an dawo muka ba su ratar 12. Sai abin da muke yi wa mutane ya dawo kanmu: jifa ya daina shiga, laifuffuka suka taru, Florida ta yi ta rage bashi har ta wuce gaba saura daƙiƙa 46. Sau huɗu a jere ƙwallo ta zo hannunmu a ƙarshe, sau huɗu muka zubar ba tare da an ko yi jifa ba. A na ƙarshen Sharp ya yi tsalle zai jefa mai uku, Clayton ya taso masa, sai ya saki ƙwallon ƙasa. Doka ta hana shi ya zama farkon wanda zai sake taɓa ta, don haka ya tsaya yana kallonta tana tsalle, Alex Condon na Florida ya faɗa kanta, lokaci ya ƙare. 65 da 63. Sampson, mai shekara 69, da ya ci da ita ce nasararsa ta 800.

Abin da aka yi wa Sharp a intanet a daren ya ɓata mini rai fiye da sakamakon. Mutanen da ba su kalli wasa ko ɗaya ba kafin Maris su ne suka fi kowa baki. Wanda ya bi kakar ya san ba don jifansa a Kansas da kuma gaban Duke ba, da ba mu zo wurin ba, kuma shi aka zaɓa gwarzon gasar Big 12 lokacin da Roberts yake jinyar idon sawu. A ganina ma laifin bai tsaya kan daƙiƙa biyar ɗin ƙarshe ba. Ƙungiyar da aka gina a kan hana mutane ci, in ta zo gaɓar da dole sai wani ya ƙirƙiro kwando da kansa, takan rasa mai yi, kuma mun ga alamar hakan a wasanni da dama da tsaron gida ya rufa mana asiri. Nasara 35 cikin wasa 40 ba ta goge wannan ba.

Akwai kuma abin da ɗan ƙwallon ƙafa bai saba da shi ba. A nan ɗan wasa ba ya tsufa a hannunka. Shekarunsa na jami'a ƙidayayyu ne, yanzu kuma ga damar sauya makaranta da kuɗin talla da aka halatta musu tun 2021, kowace bazara sai an yi sabon zubi. Cryer, wanda ya ci kofin nan da Baylor a 2021 yana sabon shiga, ya gama. Roberts ya gama, Wilson da Ja'Vier Francis ma haka. Uzan ya sa sunansa a jerin masu neman shiga NBA, muka yi makonni muna duba waya, daga baya ya janye ya dawo. Sharp da Tugler sun zauna. Da aka buɗe sayar da tikitin kaka mai zuwa na nemi kujera a bayan kwando maimakon gefe, domin daga can ne ake ganin yadda mutum ukun nan suke raba huɗu in an rufe dogo. Na tambayi Baba ko in nema mana biyu, ya ce gwiwarsa ba ta son matakalar zauren, amma in Kansas za ta zo in faɗa masa da wuri.