Wata Shida a Birnin Shehu da Rakoda a Hannu

Ana idar da sallar asuba motarmu ta bar Kano, domin direba ya ce so yake ya wuce dajin da ke tsakanin Funtua da Gusau da sauran rana a sama. Kowa ya san dalili, babu wanda ya ja da shi. Ina zaune a kujerar baya, jakata a cinya, a cikinta akwai takardar da makaranta ta ba ni ta horon sanin makamar aiki, wato SIWES, shirin da hukumar horar da ma'aikatan masana'antu ta ITF ta soma tun 1973, da littafin da zan riƙa rubuta aikin kowace rana. Gidan rediyo aka tura ni a Sakkwato, wata shida.

Mun wuce Tsafe, muka ci abinci a Gusau, muka miƙa ta Talata Mafara da Tureta. Daga nan ƙasa ta buɗe, itatuwa suka yi ƙaranci, sai kan gonakin gero da aka girbe da raƙuma jefi-jefi a bakin titi. Muna kusa da Shuni direba ya murɗa rediyo, muryar wata mata ta fito tana karanta sanarwar cigiya. Na kasa kunne ina auna ta da ma'aunin da aka koya mana a aji, har na ce a raina ni ma zan iya. A lokacin abin da na ɗauka shi ne aikin rediyo murya ce, kuma tun ina sakandare ake yaba tawa.

A Runjin Sambo na sauka, gidan Gwaggo, ƙanwar mahaifina da aure ya kai can shekaru da yawa. Kafin in fara aiki ta ce ba a shigowa garin nan a wuce Hubbare. Muka je. A nan kabarin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo yake, wanda ya rasu a 1817, shekara takwas bayan ɗansa Muhammadu Bello ya kafa birnin a 1809. Na ga mata daga Nijar da wasu daga nesa sun zo ziyara, kowa da harshensa. Muka biya ta ƙofar fadar Sarkin Musulmi, ɗan kabu-kabu ya mayar da mu gida, hazo ya rufe gari har ba a ganin ƙarshen titi.

Sati uku na farko ko kusa da makirufo ban je ba. A ɗakin labarai aka ajiye ni, ina fassara takardun sanarwa daga Turanci. Ranar da aka ba ni bayanin hasashen damina na hukumar kula da yanayi ta NiMet, na zauna na fassara shi kalma bayan kalma, jimla ɗaya ta ci layi biyar. Editan, wani dattijo mai farin gashi da kowa ke kira Malam, ya miƙo mini takardar ya ce in karanta da ƙarfi. Numfashina ya ƙare ban kai aya ba. Ya ce, "Mai karanta jarida in bai gane ba sai ya koma baya. Mai saurare ina zai koma? Manomin da ke Goronyo abu biyu yake jira, yaushe ruwa zai sauka, yaushe zai ɗauke." Na sake rubutawa sau uku kafin ya sa hannu.

Sai batun harshe. Na zo da Kananci ina ganin shi ne daidaitacciyar Hausa, sai na tarar masu bugo waya a shirin gaishe-gaishe suna cewa "munka tahi", "wanga", "mi kika biɗa". Da farko in na rubuta saƙonsu sai in gyara. Wata ma'aikaciya da muke kira Anti ta lura, ta ce labarai da daidaitacciyar Hausa ake karanta su, amma maganar mutum tasa ce, ba a yi masa kwaskwarima. Na yi tunanin wannan sosai. Garin da Shehu da 'yarsa Nana Asma'u suka yi waƙoƙin wa'azi da harshen mutane domin na ƙauye ya gane, ni ce zan zo daga Kano in ce bakinsu yana da gyara?

Abin da ya fi tsaya mini a rai ya faru ne a wata na uku. Aka haɗa ni da mai shirin noma muka tafi fadamar Kwalkwalawa, kan hanyar mazaunin dindindin na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, inda gulbin Rima ya ratsa. Lokacin cirar albasa ne. Ko ina ka duba tsibi ne ja a ƙasa, mata da yara suna yanke ganye, injin ban-ruwa yana ƙara daga nesa. Mai shirin ya ba ni rakoda ya ce yau ni zan yi hira. Na samu wani tsoho a gindin tsibinsa, na durƙusa na gaishe shi, na ciro tambayoyi goma da na kwana ina tsarawa. Da ya fara amsa ta farko sai hankalina ya tafi kan ta biyu. Yana tsakiyar bayanin yadda albasa ke ruɓewa a rudu, wato rumbun da ake ajiye ta, na katse shi da tambayar taki. Ya yi shiru, ya dube ni, ya ce, "Ɗiyata, jin magana kinka zo ko yin ta?"

Na ba shi haƙuri, na ninke takardar na sa a jaka. Na ce, "Baba, ci gaba, ina ji." Daga nan ya zuba. Ya ce duk manoma lokaci ɗaya suke cirewa, kasuwa ta cika, farashi ya faɗi, ga bashin mai da na taki yana jira, dole a sayar da arha. Wanda ya ce zai ajiye har damina lokacin da take tsada, zafin bazara da laima su cinye masa rabi. Manyan motoci kuma su kwashe ta zuwa kudu, riba ta tafi hannun mai wurin ajiya. Babu ɗaya daga cikin wannan a tambayoyina goma.

Da muka koma situdiyo na sa abin sauraro a kunne domin tace muryar. Minti biyar na farko kusan duk ni ce ke magana. Na ji yadda nake sauri, da yadda nake ƙawata tambaya domin a ji na iya. Ba a rediyo kaɗai nake haka ba, a nan na gane. A aji ma in malami na bayani amsar da zan bayar nake shiryawa. A daren nan, a littafin aikin kullum inda na saba rubuta layi biyu, sai da na cika shafi.

Rahoton ya fita ranar wata Laraba bayan isha'i, zafin Afrilu ya hana kowa zama a ɗaki. Muna tsakar gida a kan tabarma, ƙaramar rediyon Gwaggo a tsakaninmu. Minti huɗu ne, muryata a farko da ƙarshe kawai, sauran duk Baba ne da Sakkwatancinsa. Gwaggo ta ce, "Ke kuwa ban ji ki da yawa ba, amma tsohon nan ya faɗi gaskiya." Washegari mutum uku suka bugo waya kan maganar ajiyar albasa, ɗaya daga Wurno.

Ranar da zan koma Kano an yi ruwan farko da daddare, ƙasa tana ƙamshi. Malam ya sa hannu a littafina, Gwaggo ta ɗaure mini kilishi da ƙullin albasa. Na roƙi direba ya bar tasharmu a kunne. Muna jin Anti tana karanta labaran safe har muka wuce Dange, daga nan murya ta fara shaƙewa, kafin Tureta ta ɓace.