Kwana tara a gefen gadon Inna, da kayen da na cika da kalmomin likita

Shadda da atamfa nake sayarwa a babbar kasuwar Maradi. Shekara shida na yi a lakwal na bari, Faransancin da ya rage a bakina na gaisuwa ne da na ciniki da 'yan duwan. Ranar da ƙanwata ta kira ni daga ƙauyenmu da ke bayan Tibiri, a tsakiyar watan Satumba, ta ce Inna ta kwana uku tana masassara har ta fara sambatu, kuma manjo, mai riƙe da ƙaramin asibitin yankinmu, ya ce a wuce da ita birni, na ɗauka nawa aikin bai wuce neman mota da zaro kuɗi ba. Kwana tara na yi a gefen gadonta. Tun a kwana na biyu na aiki yaro ya sayo mini kaye, wato littafin rubutu irin na 'yan lakwal, da bik, don na ga ana ta magana a kan mahaifiyata a gabana ni kuwa ina gyaɗa kai kamar ƙadangare.

Takardar farko da na riƙe ita ce wadda manjo ya rubuta. Manjo shi ne babban ma'aikacin jinya da ke riƙe da CSI, ƙaramin asibitin da ya fi kaz da sante ta ƙauye amma bai kai asibitin gunduma ba. In ciwo ya fi ƙarfinsa sai ya refere mutum zuwa gaba, ya rubuta abin da ya gani da maganin da ya riga ya bayar. Saura kaɗan in bar takardar a aljihun rigar da na tuɓe, ita kuwa aka fara tambayata a irjansi, ɗakin da ake karɓar masu ciwon gaggawa.

A nan na fara tuntuɓe. Wata ma'aikaciya ta ɗaura wa Inna abin awo a damtse, ta faɗa wa abokin aikinta wani abu da Faransanci. Na ce, “Hajiya, nawa ne?” Ta ce 18 da 10. Cikina ya ɗuri ruwa. 'Yan watanni kafin nan an auna ni a Katsina, inda nake zuwa sarin kaya, aka ce 130 da 80, lafiya lau. To in mai 130 shi ne lafiyayye, ina ga mai 18? Na fita waje na kira ƙanena na ce masa jinin Inna ya ƙare. Ashe ma'auni ɗaya ne, faɗar ce ta bambanta. A nan ana yanke sifilin ƙarshe, a Najeriya ana barinsa. 18 da 10 ɗin Inna 180 da 100 ne, ni kuma da a nan aka auna ni, 13 da 8 za a ce. Daga 14 da 9 zuwa sama, in ya zauna a haka, shi ne hawan jini, tansiyo a bakin 'yan Maradi. Mu da ke tsallakawa ta Ɗan Isa kullum, mu sayo na'urar awo a can mu zo mu ga likita a nan, ya kamata a ce kowannenmu ya san wannan.

Sai aka soki yatsarta, aka ɗiga jinin a wata 'yar farar roba. TDR sunanta, gwajin zazzaɓin cizon sauro na nan take. Bayan kamar minti 15 aka ce pozitif. Na ce alhamdulillahi, da ƙarfi ma, don abin da na tuna daga lakwal shi ne pozitif gaba ne, negatif baya. Ma'aikaciyar ta dube ni ta ce, “Alhaji, palu aka samu fa.” A asibiti pozitif na nufin an ga abin da aka je nema. Negatif kuma ba a gan shi ba, iyakarta ke nan, mutum na iya kwance da wani ciwon daban. Kalmar ma ba kullum take zuwa da mugun labari ba. A kwana na huɗu na tarar da wani saurayi ya haɗa kai da gwiwa a bakin labo, ya zo ba matar wansa jini an ce masa shi “O pozitif” ne, ya ɗauka sida ce. Na zauna kusa da shi, ni da ban fi kwana uku da koyon kalmar ba, na ce masa rukunin jininsa kawai aka faɗa. Akwai A, B, AB da O, kowanne da pozitif da negatif, kuma da shi aka haife shi.

Palun Inna mai tsanani ne, don haka aka fara da allurar artesunat ta jijiya, wadda suke rubutawa IV. In ka ga IM, ta tsoka ce, irin ta ɗuwawu ko cinya. Aka maƙala mata kateter a bayan hannu don kada a yi ta sukarta. Da ta dawo hayyacinta aka mayar da ita kan ƙwayoyi na kwana 3, safe da yamma, aka ce ta riƙa sha bayan ta ci abu mai ɗan maiƙo ko ta sha madara.

Dangi kuwa da suka fara zuwa dubiya, tambayarsu ɗaya: an ƙara mata ruwa? A wurin mutanenmu in ba a rataya wa maras lafiya perfiziyo ba, to ba a duba shi ba. Wata gwaggona har ta ce in je in saya da kuɗina in ce a sa mata. Na je na tambaya. Aka nuna mini cewa serom iri-iri ne, akwai sale mai gishiri, akwai gilikoze mai sukari, kuma mai tansiyo 18 ba a ɗura masa ruwa don a faranta wa dangi rai. Na dawo na ce wa gwaggo likita ya hana. Har ta tafi ba ta yarda ba.

Abin da ya fi ɗaure wa Inna kai ya zo ne da sakamakon NFS, gwajin da ke ƙirga ƙwayoyin jini. Aka ce emoglobin ɗinta 9, alhali mace ya kamata ta kai 12, wato tana da anemi, ƙarancin jini. Ta kira ni kusa ta ce, “Kai, waɗannan mutane sun san abin da suke yi kuwa? Jiya sun ce jini ya yi mini yawa, yau sun ce ya yi kaɗan.” Ni ma na rasa amsa, don haka muka taso muna ji, mai hawan jini jini ne ya yi masa yawa. Wani ma'aikacin jinya da ke gardi a daren, wato mai kwanan aiki, shi ya warware mana. Ya ce, “Inna, kin ga tiyon ban ruwa na lambu? In aka matse bakinsa ruwan yakan fita da ƙarfi, ko da ba a ƙara ko ɗigo ba. Shi ne tansiyo, ƙarfin da jini ke bugun jijiya da shi. Anemi kuwa kamar kunu ne da ya tsinke, jajayen ƙwayoyin da ke cikinsa sun ragu, palu ya farfasa su.” Inna ta ce to yanzu ta ji magana. Ba a kai ga ƙara mata jini ba, ƙwayar fer, ta ƙarancin jini, aka ba ta, aka gargaɗe mu cewa bayan gida zai yi baƙi, kada mu tsorata.

Kuskuren da ya ci mini kuɗi kuwa da Hausa aka yi mini maganar, ba zan ɗora wa Faransanci ba. Tun a irjansi an ga sukarinta ya hau, aka ce za a sake gilisemi, awon sukarin jini, da safe. A takardar an rubuta “à jeun”, ana faɗarsa a jan. Ma'aikaciyar ta fassara mini, ta ce kada ta ci komai kafin a ɗibi jinin. Da asuba Inna ta ce yunwa, ni kuwa na dama mata hura da nono har da ɗan sukari. A raina ban karya doka ba, ai hura shanta ake yi, ba a cin ta. Da aka zo ɗibar jini aka tambaya, na faɗa da gaba gaɗi. Matar ta ajiye allurarta ta ce, “Alhaji, hura ai ta fi tuwo.” Aka ɗage zuwa washegari, ga kwana ya ƙaru, ga kuɗin gado. A jan na nufin awa 8 ko fiye babu abin da ya shiga ciki sai ruwa zalla: ba hura, ba koko, ba shayi, ba goro. Ruwan kuwa an yarda a sha, don washegari sai da na yi fama da Inna, ta ce tunda azumi aka sa ta ba za ta karya da ruwa ba.

Sakamakon ya fito 2,10. A nan da giram ake faɗa, kuma daga 1,26 zuwa sama, in an maimaita an sake samu, diyabet ne, ciwon sukari. Na'urar da na saya daga baya 210 take nuna irin wannan awon, don ita da miligiram take ƙirga. Wannan karon ban kira kowa na ce an mutu ba.

Sai a lokacin bizit, zagayen da likita ke yi da safe gado bayan gado, na lura mu ma muna da namu kalmomin da ke rufe ciwo. Likitan ya tambayi Inna me ke damunta tun kafin masassarar. Ta ce zahi ne, da ɗan sanyi, ga kuma basir. Shekara biyu muna saya mata jiƙo a kan waɗannan sunaye uku. Shi bai rubuta ko ɗaya ba. Ya ce zahin a ina yake? Ta ce tafin ƙafa, kamar ta taka garwashi. Tun yaushe? Ƙishirwa fa? Sau nawa take tashi fitsari da dare? Nan Inna ta ja mayafi ta yi shiru, don ba za ta yi zancen fitsari a gaban ɗanta na fari ba. Likitan ya gane, ya ce, “Alhaji, ɗan ba mu wuri,” ƙanwata ta zauna. Ashe sau biyar, sau shida take tashi, kuma ta rame ba tare da ta rage ci ba. Duk alamun sukari ne, mun lulluɓe su da “sanyi”. Haka shawara take a bakinmu. Idon mutum ya yi ɗorawa mu ce shawara, alhali a wurin likita alama ce kawai, tana iya zama ciwon hanta, tana iya zama palu, tana iya zama amosanin jini. Tun daga ranar, kafin bizit sai in zauna da ƙanwata mu rubuta inda ke ciwo, tun yaushe, da abin da muka riga muka ba ta, har da na gargajiya. Na ƙarshen nan mutane kan ɓoye shi don tsoron faɗa, likita kuwa yana bukatar ya sani.

Ordinansi, takardar magani, ita ce ta fi cin shafuka a kayena. An ce tun 2025 Hausa ce harshen ƙasa a Nijar, amma takardar da za ka kai farmasi har yanzu da Faransanci take, da rubutu kamar tafiyar tururuwa. In ka ga cp ƙwaya ce, gél kafso, sp ko siro na ruwa. “1 cp x 3/j” ƙwaya ɗaya sau uku a rana, ba uku a haɗe ba. Ƙaramin cokali da suke nufi mililita 5 ne, babba 15, kuma cokulan gidajenmu ba girmansu ɗaya ba, gara a yi amfani da ma'aunin da ke cikin kwalin. Da dare kuma ba kowace farmasi ke buɗe ba, sai wadda ke gardi a makon. Jerin sunayen na manne a ƙofofinsu, 'yan kabu-kabu ma sun sani.

A farmasi ne Allah ya tsare mu. An rubuta wa Inna Doliprane don ciwon jiki, ƙanwata na da Panadol da aka kawo mata daga Jibiya tana ba ta don ciwon kai, ni kuma na zo zan ƙara sayen Efferalgan don maƙwabcin gadonmu ya yabe shi. Mai farmasin ya tambaye ni wa zai sha. Da na lissafa masa sai ya juya kwalin ya nuna mini ƙaramin rubutun da ke ƙarƙashin babban suna. Dukansu parasetamol ne, sunan kamfani kawai ya bambanta. Babban mutum ba ya wuce giram 4 a yini, tsoho ma ƙasa da haka ake so, in ya wuce hanta ce ke biya. Shi ya koya mini in riƙa tambayar jenerik, wato maganin da ke ɗauke da sunansa na asali, mai aiki iri ɗaya da sauƙin kuɗi. A ordinansi guda na ga ragin da ya kai jikka huɗu.

Ranar sorti, da aka sallame mu, ban bar likitan ya wuce ba sai da na maimaita masa abin da na fahimta da bakina: wannan ƙwayar da safe kullum ko ta ji garau, wannan tare da abinci, in ta fara gumi da makyarkyata da jiri sukarin ne ya faɗi ƙasa, a ba ta abu mai zaƙi nan take a kawo ta. A wuri ɗaya ya gyara mini. Na ɗauka maganin tansiyo in kwalin ya ƙare an gama, ya ce a'a, sai dai a sabunta, kuma kada a tsayar sai da izininsa. Ya rubuta randebu, ranar da za mu dawo bayan wata ɗaya, a karne, littafinta na asibiti, ya ce mu zo kwantrol da duk kwalayen a leda, har waɗanda suka ƙare.

Yanzu Inna na wurina a unguwar Zariya. Duk Juma'a bayan an sauko daga masallaci ina ɗaura mata na'ura, ta miƙo hannu ta ce, “Nawa yau?” Makon jiya na ce 140 da 80. Ta ce, “Faɗa mini da na nan.” Na ce 14 da 8. Ta ce to a rubuta, ta kuma tambaya ko yau ɗin za a bar ta ta sha hura ludayi biyu.