Kalmar Japananci ɗaya da ta kai ni ofishin hedimasta

Yayata ce ta jawo min. Tana koyar da 'yan aji huɗu a wata firamare a Kano, kuma tun da na dawo daga karatu a Hiroshima take damuna in zo in nuna wa yaranta yadda Japan take. Ban ga abin wahala ba. A can ma ana yawan gayyatar ɗalibai baƙi zuwa makarantun firamare, ni kaina na sha tsayawa gaban 'ya'yan Japanawa da babbar riga ina ba su labarin tuwo da hawan sallah.

Zuwan farko lafiya lau. Na rubuta wa kowa sunansa da katakana, haruffa 46 da suke rubuta sunayen baƙi da su. Japananci ba shi da "l", saboda haka duk wata Halima ta koma Harima, Bilkisu ta zama Birukisu, aji ya kaure da dariya. Da na ce musu yaron Japan yana koyon kanji, wato haruffan da Japanawa suka aro daga Sinanci, har guda 1,026 kafin ya gama aji shida, sai wani daga baya ya ce, "Malam, su kam sun shiga uku."

A zuwa na biyu na kwafsa. Na kawo tsinkayen cin abinci da ledar gugguru, na ba su labarin abincin rana a makarantun can: yara ne ke ɗaura farin kyalle su raba wa juna, su ci a cikin aji tare da malaminsu, daga baya su share ajin da kansu. Kafin a fara ci kowa zai haɗa tafukansa ya ce "itadakimasu". Sai daɗi ya kwashe ni. Na sa su miƙe, su sunkuya irin gaisuwar Japanawa, su haɗa hannu su faɗi kalmar baki ɗaya, har sau uku. Aka kaɗa ƙararrawa ban fassara musu ita ba.

Bayan kwana uku Yaya ta kira ni, muryarta a sanyaye. Ashe wani yaro ya je gida, an ajiye tuwon dare, ya haɗa hannu ya sunkuyar da kai ya rangaɗa "itadakimasu" a gaban mahaifinsa, ko bisimilla bai yi ba.

Na iske uban a ofishin hedimasta. Da ma faɗa ya yi, da ya fi min sauƙi. Cikin natsuwa ya ce, "Malam, mene ne ma'anar abin da ka koya wa yaron nan?" Na ce, "Alhaji, ma'anarta na karɓa da ƙanƙan da kai, godiya ce ga manomi da mai girki." Ya gyaɗa kai. "To haɗa hannun fa, daga ina ya samo asali?" Nan bakina ya mutu, domin na sani sarai gassho ake kiransa, kuma haka mabiya addinin Buddha ke yi a wuraren ibadarsu. Yawancin Japanawa ladabi kawai suke ɗaukarsa a wurin cin abinci, amma asalin na nan. Sunkuyon ma, ni da na saba ganinsa a shaguna da tashar jirgin ƙasa gaisuwa nake gani, shi kuwa ruku'u ya gani. Ko durƙuson da muke yi wa manya ai malamai ba su gama magana a kansa ba, ballantana na baƙi. Na ba shi haƙuri, ban ƙara komai ba.

Aka dakatar da sauran zuwa biyun da aka shirya zan yi. Zango guda ya tafi a banza, kuma Yaya ce ta sha tambayoyi a ɗakin malamai, ita da ba ta ce kowa ya sunkuya ba. Wannan ne har yanzu yake cina.

Abin haushin, da nunawa kawai na yi, ni kaɗai a gaban allo, na faɗi ma'anar, na ce mu namu bisimilla ce, da babu wanda zai ce uffan. Sa yara sittin su maimaita abu da jikinsu daban yake da ba su labari. Yanzu duk abin da zan yi sai na rubuta shi da Hausa a shafi ɗaya, hedimasta da shugaban iyayen yara su gani tukuna. Kalmar baƙi kuma fassararta ke riga ta hawa allo.

Da aka bar ni na dawo, naɗin takarda muka yi. Muka yanka tsofaffin littattafan rubutu murabba'i, muka naɗa tsuru, tsuntsu ɗan'uwan gauraka. Na ba su labarin Sadako Sasaki, wadda take da shekara biyu lokacin da aka jefa bam a Hiroshima ranar 6 ga Agusta 1945, ta rasu a 1955 da sankarar jini bayan ta yi ta naɗa irin tsuntsayen nan a gadon asibiti. Na gaya musu na tsaya da ƙafata a gaban abin tunawa da aka gina dominta a 1958. Aji ya yi tsit.

Da aka tashi, yaron nan ya zo da nasa tsuntsun, fiffike ɗaya a karkace. Ya ce, "Malam, wannan in nuna wa Baba?" Na ce ya nuna masa, amma ya fara da labarin yarinyar.