Tarihin Rayuwar David Lloyd George, Kashi na 3: Shari'ar Maƙabartar Llanfrothen

A makon jiya mun tsaya a shekarar 1885, inda David, wanda daga baya ya zama Firayim Ministan Birtaniya, ya buɗe ofishinsa na lauya a garin Criccieth da ke arewacin Wales, bayan ya gama koyon aiki a Porthmadog. Kuɗi babu, suna babu. Abin da ke hannunsa shi ne baki, da tarbiyyar kawunsa Richard Lloyd, ɗan dukun da ya riƙe shi tun rasuwar mahaifinsa. Yau za mu ga shari'ar da ta fito da shi, wadda wata gawa ce sanadinta.

Sai mai karatu ya san yadda Wales take a lokacin. Yawancin talakawa, manoma da masu fasa dutse, ba sa bin Cocin Ingila. Suna da ƙananan majami'unsu, inda ake wa'azi da harshensu na gado. Amma Cocin Ingila ce ta hukuma, ita ke karɓar ushirin amfanin gona, har daga wurin wanda bai taɓa taka ƙofarta ba, kuma a ƙauyuka da yawa maƙabarta a hannunta take. Mutum ya yi rayuwarsa duka a wata majami'a, ranar da ya mutu kuma a ce sai limamin wata ne zai yi masa addu'a. A 1880 majalisa ta yi dokar da ta ba waɗannan mutane damar binne nasu a maƙabartar coci bisa tsarin ibadarsu. Doka ta fito, amma zukatan wasu limamai ba su sauya ba.

A 1888 wani dattijo mai fasa dutse, Robert Roberts, ya rasu. Wasiyyarsa ɗaya ce, a kwantar da shi kusa da 'yarsa a maƙabartar Llanfrothen. Limamin cocin ya ce a'a, sai dai in da addu'ar Cocin Ingila. Hujjarsa ita ce wancan ɓangaren filin wata mata ce ta bayar da shi tun 1864, kuma a 1881 an sa ta sa hannu a takarda mai sharaɗin cewa ba za a binne kowa a wurin ba sai bisa tsarin cocin. Wato shekara guda bayan doka aka nemo hanyar zagaye ta. Limamin ya sa aka garƙame ƙofar maƙabartar.

Iyalan mamacin suka garzaya wurin lauya ɗan shekara 25. David ya duba lamarin, ya ce musu filin ya riga ya zama maƙabartar jama'a tun ranar da aka bayar da shi aka fara binne mutane, takardar da ta zo daga baya ba ta da abin da za ta ƙwace. Shawarar da ya ba su ita ce su ɓalle ƙofar su binne mutuminsu. Haka kuwa suka yi.

Ni a ganina nan ne halinsa ya fara bayyana. Wani lauyan zai ce a kai gawar wani wuri tukuna, a shigar da ƙara, a jira. David ya san cewa in aka binne dattijon nesa da 'yarsa, ko an ci shari'a daga baya, an riga an ci amanar wasiyya.

Limamin ya kai ƙara kotun Porthmadog, yana zargin an shiga fili ba izini. Mutanen gari da ke taya alƙali tantance gaskiya suka ba iyalan Roberts gaskiya. Alƙalin kuwa ya rubuta matsayarsu ba yadda suka faɗa ba, ya yanke hukunci limami ya yi nasara. David ya tsaya a gabansa ya nuna masa kuskuren, alƙali ya ƙi gyarawa. Sai aka ɗaukaka ƙara zuwa Landan. A watan Disamba na wannan shekara, Babban Alƙalin Ingila, Lord Coleridge, ya rushe hukuncin, ya kuma yi wa alƙalin Porthmadog faɗa.

Labari ya game arewacin Wales. Ba a jima ba jam'iyyar Liberal ta tsayar da shi takarar kujerar Caernarfon a majalisar dokokin Birtaniya. A watan Afrilu na 1890 aka yi zaɓen cike gurbi, abokin karawarsa kuwa shi ne Hugh Ellis-Nanney, attajirin da ya mallaki filaye a Llanystumdwy, ƙauyen da David ya tashi a gidan ɗan duku. Da ratar ƙuri'a 18 kacal David ya kayar da shi. Kujerar da ya samu da ƙyar haka, ita ya riƙe shekara 55, har 1945.

A lokacin ba a biyan 'yan majalisa albashi. Ƙanensa William ne ya zauna a gida yana riƙe da ofishin lauya, yana ciyar da shi da iyalinsa. A mako mai zuwa za mu bi shi Landan, mu ga yadda ya tsaya yana sukar yaƙin Boer, wanda Birtaniya ta yi a Afirka ta Kudu, a lokacin da yawancin Ingila ke goyon bayan yaƙin.