Ba ɗanka aikin da zai ce "ni na yi"

A zangunanmu na Kumasi, daga Aboabo har Asawase, uba yakan ɗauka ya sauke nauyi da zarar ya biya kuɗin makaranta ya ajiye na cefane. Amma yaron da bai taɓa ganin babansa ya amince masa ba, sai ka gan shi yana sunkuyar da kai a gaban mutane, ko ya tafi neman yabo a majalisar samarin bakin titi.

Yarda da kai daga aiki take tsirowa. Ɗan shekara 7, ba shi sidi 20 ya sayo koko da ƙosai. Faɗa masa saƙon sau ɗaya, in ya dawo shi zai ƙirga maka canji. Ya kai 10, ranar Babbar Sallah shi zai kai wa maƙwabta naman layya, ya yi sallama, ya isar da gaisuwarka da bakinsa. Ya kai 13, tafi da shi kasuwar Kejetia, ka ja gefe ya yi cinikin takalminsa. Wataƙila a ƙware shi da sidi 10. Ƙyale, sai a hanyar gida ka tambaye shi nawa zai taya wani karon.

Inda iyaye maza suka fi ɓata lamarin shi ne fizge aiki daga hannun yaro da ya fara tangarɗa: "Kawo nan, ba abin da ka iya!" Daga ranar ya koyi cewa gwadawa ce ke jawo kunya, sai ya daina.

In gyara ya kama, ja shi ɗaki, kada abokansa ko ƙannensa su ji. Ambaci laifin kawai: "Ka bar famfo a buɗe, je ka kwashe ruwan." Wannan yana da mafita. "Sakarai" ba ta da mafita, yaro ɗauka yake ya riƙe a matsayin sunansa. Anas ɗan Malik ya yi shekara 10 yana yi wa Annabi (SAW) hidima, bai taɓa jin ko "tir" daga bakinsa ba.

Ɗan fari ne ya fi damuna. Kunyar da muka gada takan hana uba kiran sunansa, balle ya yaba masa, alhali shi ake ɗora wa kowane nauyi. Kunya ado ce, amma yaro ba ya karanta zuciya. In ba za ka iya faɗa masa kai tsaye ba, faɗa wa kawunsa yana ji: "Shi ya gyara mana ƙofar nan." Lokacin da Abdullahi ɗan Umar ya san amsar tambayar Annabi (SAW) a kan bishiyar dabino, ya yi shiru don shi ne ƙarami a wurin, Umar cewa ya yi da ya faɗa da ya fi masa daɗi.

Haka ranar da sakamakon BECE, jarrabawar kammala ƙaramar sakandare, ya fito. Fara da darasin da ya ci, sannan ku zaɓi ɗaya mai rauni ku tsara yadda za a ɗaga shi. Kada ka kawo zancen ɗan maƙwabci. In kuma hannunsa ya fi ƙarfi a kan inji, raka shi Suame, unguwar makanikai, da ƙafarka, ka gabatar da shi ga ubangidansa da sunansa, ka riƙa leƙawa kana tambayarsa abin da ya kwance a makon.