Laraba, ranar da na hau saman laburare

Yau kam na sha kunya wallahi. Shekara huɗu ina makarantar nan amma iyakata a laburare falon ƙasa inda muke haddar jarabawa da satar barci, ban taɓa taka benen sama ba sai yau da sufabaizana ya dawo min da babi na biyu ya yi jajir da jan biro. Ya ce duk abun da na jibga daga Google na kwaso, ina mujallun ilimi? Ni kuwa furojet ɗina kan masaƙun Kakuri ne a nan Kaduna, yadda suka tashi da yadda suka durƙushe, kuma na zaɓe shi ne saboda Baba, shekarunsa da yawa a can yana aikin injin saƙa.

Daga Tudun Wada na hau napep, goslo ya riƙe mu wajen kasuwa har sai sha ɗaya saura na isa. A sama akwai ɗaki mai kwamfutoci da suke ce wa i-laburare, wata Hajiya mai gilashi ce a teburin. Na gaishe ta na faɗi matsalata, na ce duk takardar da na gani a wayata da na danna sai su ce in biya daloli, ni da ko kuɗin data da ƙyar. Ta yi dariya ta ce "'yata, ai makaranta ta riga ta shigar muku, ta gefen katanga kike lallaɓawa ga ƙofa a buɗe." Ashe in ka shiga ta intanet ɗin laburare ko da kalmar sirrin da suke bayarwa, shafin yana gane cewa kai ɗan jami'a ne sai ya buɗe maka.

Ta fara nuna min JSTOR, nan ne tsofaffin mujallu suke tun fitowarsu ta farko, an ɗauki hoton kowane shafi. Ta ce in lura, galibi ba a samun fitowar shekarun baya-bayan nan a ciki, sai an yi 'yan shekaru ake sakawa, don haka sabon bincike sai in duba AJOL, wato rumbun mujallun Afirka da ke Afirka ta Kudu, da yawan mujallun jami'o'inmu na gida suna ciki. Akwai kuma HINARI na 'yan likitanci da AGORA na 'yan aikin gona, waɗannan ba ruwana da su na wuce.

Inda na ɓata kusan awa guda shi ne wajen nema. Na rubuta Kakuri kawai, abun da ya fito bai taka kara ya karya ba, har na fara cewa a raina to dama babu wanda ya yi rubutu a kai. Hajiya ta leƙo ta ce in daina tunani kamar 'yar unguwa, mai rubutu daga Legas ko Ingila ba lallai ya sa Kakuri a take ba, in rubuta Kaduna da textile workers, kalmomi biyun ƙarshen nan a cikin alamar zance don injin ya nemo su a haɗe, sannan in taƙaita shekaru daga 1957 zuwa 2010. Kai jama'a! Sai ga su reras, har da mujallar ƙungiyar masana tarihi ta Najeriya wadda ake bugawa tun 1956. Dabarar da ta fi burge ni kuma, ta ce in ban karanta taƙaitaccen bayanin farko ba kar in sauke komai, kuma in na samu takarda ɗaya mai kyau in gangara ƙarshenta in ga su wa marubucin ya ambata, in bi su ɗaya-ɗaya kamar mai bin dangi. Da haka takarda ɗaya ta haifa min shida.

Ana cikin haka aka ɗauke wuta, uku na sauke ban tura filash ba, duk suka tafi. Na zauna ina kallon baƙin allo kamar in yi kuka. Kafin a tada janareto na shiga ɗakin mujallun takarda da ke gefe, ƙura da warin tsohuwar takarda, an ɗaure su kundi-kundi da baƙin bango, lambar kundi da shekara a gadon baya. Wani na buɗe har da tambarin aro na shekarun 1980 a ciki, ban san me ya sa abun ya taɓa min zuciya ba. Hajiya ta ce takardun gwamnatin Arewa na asali kuma sai Gidan Arewa ko ma'ajiyar tarihi ta ƙasa da ke titin Yakubu Gowon, duk nan cikin gari. Ta kuma ja min kunne kan mujallun da ake biya yau a buga maka jibi ba wanda ya duba, ta ce malamai sun san su sarai.

Da daddare bayan isha'i na zauna kusa da Baba ina fassara mai wani sashe, inda ake cewa masaƙar Kaduna ta farko ta fara aiki a 1957 zamanin Sardauna da haɗin gwiwar wani kamfanin Ingila. Ya yi shiru yana ji, can ya ce "Wannan gaskiya ne, amma ya faɗi yadda ƙarar injin ke hana mutum jin maganar na kusa da shi?" Na ce a'a Baba. Ya ce to ki kawo biro ranar Asabar. Gobe dai zan koma in sake sauke ukun nan da suka ɓace, kuma filash zan fara soka wa kwamfutar kafin in taɓa komai.