Inda na kai da gyaran lambuna bayan laccocin bana

Salam 'yan uwa masu koyon lambu. An kammala laccocin da ƙungiyarmu ke shiryawa duk shekara kan tarihin lambuna da tsarinsu, nace bari in faɗa muku inda na kai da nawa ɗan filin, don abin da na kwaso bana shine hanya da ruwa ake fara tsarawa, zancen fure sai daga baya.

Laccar da ta fi kama ni ita ce ta lambun Farisa, wanda ake raba fili gida huɗu da magudanar ruwa biyu da suka gitta juna a tsakiya. Babur da ya kafa daular Mughal a Indiya a 1526 mutum ne mai matuƙar son irin wannan lambun, zuriyarsa kuma suka ɗora, a kabarin ɗansa Humayun da ke Delhi ginin na tsakiyar lambun, amma a Taj Mahal da aka fara a 1632 sai aka tura ginin can ƙarshe bakin kogin Yamuna, shi yasa in ka shigo ta ƙofa idonka ke bin ruwan har ya kai ga kubbar. To abin da ya fi min amfani ma ba wannan bane, malamin ya nuna mana cewa hanyoyin tafiya a sama suke, fangalin shukar kuma a ƙasa, ana buɗe ruwa ya gangara da kansa ya shiga kowane gida, mai yawo kuma yana kallon furen daga sama ƙafarsa ba ta taɓa laka. Wallahi dabara ce mai sauƙi kuma ta masu ƙarancin ruwa ce, mutanen da suka san darajar kowane ɗigo.

Shine na kafa turaku na ja igiya na raba filin huɗu, na rage ƙasar kowane fangali kamar zurfin tafin hannu, ƙasar da na kwashe da ita na ɗaga hanyoyin na daddaɓe. Yanzu tiyo ɗaya nake ajiyewa a mahaɗar, gida uku suna sha daidai, na huɗun ne har yanzu gefensa ɗaya ya ɗan fi tudu ina kan saisaita shi. Amma don Allah kafin ku kwaikwaya ku gwada ƙasarku, ku haƙa rami ku cika shi da ruwa, in ya kwana bai tsotse ba to yumɓu ya yi yawa, fangali mai zurfi zai ruɓar muku da saiwa, gara ku ɗaga shi sama.

An yi kuma laccar lambun fadar Versailles ta Faransa, aikin André Le Nôtre da ya fara wa Sarki Louis na 14 a 1661. Girma kam akwai shi, sai dai ni bai shiga raina ba, lambun da ruwa bai taɓa isarsa ba har sai da aka gina wani inji a garin Marly mai manyan ƙafafu 14 masu juyawa kamar taya don jawo ruwan kogin Seine, kuma duk da haka sai sarki ya doso ake kunna maɓuɓɓugan. Abu ɗaya na ɗauka, ka tsaya bakin ƙofa ka ga ina idonka ke sauka, can za ka sa abin da ya fi kyau. Nan na dasa rumman.

Launi kuma Gertrude Jekyll ta Ingila nake bi, ta rasu a 1932, asalinta mai zane ce kafin idonta ya yi rauni ta ba lambu ƙarfinta. Ba ta shuka fure ɗaiɗai nan ja can rawaya, doguwar tawaga take yi ta iri ɗaya ta shige cikin ta gaba, fari da shuɗi da ruwan toka a bakin layi, ja da ruwan lemo a tsakiya. Gida ɗaya kawai zan gwada haka tukuna, irin na cikin leda sun fara fitar da ganye, ban dasa ba sai sun yi ƙwari.

Saura mahaɗar tsakiya, ina son ɗan kwarmin ruwa a wurin amma ruwan da ba ya motsi sauro yake tarawa. Wanda ya taɓa sa ƙaramin famfo mai aiki da sola a irin wannan ya faɗa min ko yana jure datti.